Ashe Baba Ya Rufe Galan Ɗin

Ina cikin aji a Miga, ranar Laraba da hantsi, Yaya Sabo ya bugo waya ya ce, "Hauwa, sai haƙuri, Baba ya cika." Na yi salati, na zauna a bakin baranda ina kuka. Amma ba zan ɓoye ba, har da hamdala a kukan nan, domin na riga na gaya masa.

Mahaifinmu mai gyaran batir ne a Takur, kuma ba ya gaggawar yanke wa batir hukunci. Yakan ce, "Bai mutu ba, mai shi ne ya gaji."

Ina 'yar shekara shida ruwan batir, wato asid, ya ƙona mini hannu a zaurenmu. Da aka tambaye ni, na ce a buɗe na tarar da galan ɗin da Baba ke ajiye shi a ciki. Ƙarya na yi, ni na murɗe murfin. Baba ya ɗauka sakacinsa ne, kuma daga ranar asid bai sake shiga gidanmu ba. Tsofaffin baturan da muke kunna fitila da su sai ya wanke su tas, ya jiƙa alam, irin na tace ruwa, ya ɗura musu. Wutar ba ta kai ta asid ƙarfi ba. Abokan sana'a suka riƙa tsokanarsa, wai ruwan rijiya yake wa caji. Amsarsa ɗaya ce: "Hasken da bai ƙona kowa ba ya ishe ni." Ko gaisuwa na miƙa masa hannu, sai ya kau da kai daga tabon.

Shekara talatin ina cewa gobe zan faɗa. Da ciwo ya kwantar da shi, tsoro ya kama ni kada ya tafi da laifin da ba nasa ba. Ranar Juma'ar da ta wuce na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ka yafe mini. Ni na buɗe."

Ya sauke ajiyar zuciya. "Ashe na rufe," in ji shi. Ya kamo hannun ya shafa tabon, karo na farko. "Ja'ira. Na yafe, duniya da lahira."

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini. Allah Ya ba Inna da mu 'ya'yansa juriyar rashinsa. Amin.