Ranar da Ƙanwata Ta Zama Malamin Aji Biyu

Babu abin da ya yi wa ilimi hidima a ƙasar Kabi kamar reshen dogon yaro. Ina faɗin haka da cikakken sani, a matsayina na malamin firamare da ya daɗe yana shaƙar ƙurar alli. An canza gwamnatoci, an canza littattafai, an canza launin tufafin makaranta, amma wannan bawan Allah yana nan bakin aikinsa, ba albashi, ba hutu, kuma ba a taɓa jin ya shiga yajin aiki ba. Shekaranjiya ina tsaye a barandar makarantarmu a Jega, wani ɗalibi ya wuce ni da reshe sabon yanke a hannu. An aike shi ya kawo abin da za a doke shi da shi. Warin ɗanyen ganyen nan mai ɗaci ya bugi hancina, sai ga ni a gidanmu na Gehuru, ina da shekara goma sha biyu, ƙanwata tana da takwas.

Bari in gaya maka yadda take. Ba ta kallon mutum a ido. In an kira ta ba ta amsawa, in an tambaye ta sai ta mayar maka da tambayarka, da irin muryarka. Ƙarar injin niƙa na sa ta toshe kunnuwa ta yi ta juyi a tsakar gida har ta faɗi. In aka zube albasa a rumfa, za ta yini tana jera ta daga babba zuwa ƙarama, kuma wanda ya taɓa layin ya taɓo tashin hankali.

Malaminta na aji biyu mutum ne mai yawan tari da ƙarancin haƙuri. Zai ce mata, "Biyu sau uku?" Ita ma ta ce, "Biyu sau uku?" har da tarin. Aji ya bushe da dariya. Shi kuwa bai ga komai a nan ba sai raini, raini kuma maganinsa na tsaye a bakin taga yana ba da inuwa. Kullum ta dawo da sawu a bayanta da ƙafafunta, Inna ta shafa mata man shanu tana goge ido da gefen zane. Wata Talata duka ya yi yawa, ta kama hannunsa ta gartsa masa cizo. Ya danne hannunta a bakin benci ya murɗe. Ina aji shida, bango biyu tsakaninmu, amma na ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara.

Aka kai ta Aliero wurin masu ɗori. Maza uku suka danne ta, na huɗu ya ja ƙashin ya mayar. Ba ta yi kuka ba, wani ɗan gunji kawai take yi ta hanci. Baba bai je makaranta neman ba'asi ba. A wurinsa 'yarsa ce ta ciji malami, abin da ba a taɓa ji ba a zuriyarmu. Ya jira har aka kwance karan ɗori, domin Baba mutum ne mai tsari, sannan ya ɗaure ta a turken akuya ya yi mata dukan da ba zan manta ba da igiyar guga.

Daga nan Baffa, yayan Baba, ya kawo shawara. Ya ce wannan ba taurin kai ba ne, iska ce. Akwai wani mutum a wani ƙauye bayan Maiyama da ke karɓar irinsu, ya sa musu mari a ƙafa, wato ƙarfe da sarƙa, a yi musu hayaƙi da bulala safe da yamma har aljanin ya gaji ya fita. Mun san wurin, domin ɗan maƙwabcinmu ya yi shekara a can. Ya dawo da farin tabo zagaye da idon sawu, ba ya magana ko kaɗan, aka kuwa lissafa wannan a cikin waraka. Baba ya amince. Aka ce da zarar an gama cire albasa, Juma'ar farko za a kai ta.

Saura mako biyar ke nan, kuma a nan Kaka ta shigo maganar. Mahaifiyar Baba ce, mutuniyar Jiga Birni, wadda aka ce a ƙuruciyarta in ba ta fito dandali ba 'yan mata ba sa gaɗa. Wata rana da hantsi ta ji muryar namiji a rumfar albasa yana tari yana karanta ɗaya sau ɗaya. Ta ja mayafi ta leƙa don ta ga wane marar kunya ne ya shigo mata gida ba sallama. Sai ta tarar da jikarta a tsaye gaban layin albasa, hannu ɗaya a baya, tana koya musu lissafi. Ta tsaya ta saurara har aka kai sau shida, ba kuskure ko ɗaya.

Da na dawo makaranta ta kira ni. "Kai, maigidana, zo nan. Yarinyag ga ba wofi ta ba. Duk abin da anka faɗi gabanta shina ciki. Ku dai ba ku iya tambaya ba."

Ta fara da juyin. In injin niƙa ya tashi ƙanwata ta soma kewaya, maimakon a riƙe ta, sai Kaka ta hau tafi tana ƙirga kowane juyi da waƙa, ni ina amshi. A goma sai ta buga tafi mai ƙarfi ta tsaya. Kwana huɗu, ƙanwata ta fara tsayawa da kanta a goma, tana haki, tana jiran a sake. Abin da ke kada ta ƙasa ya zama rawa mai farko da ƙarshe.

Sai tatsuniya. Da rana tsaka take yi mana, duk da an ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi. Ta ce a shekarunta ba ta da inda za ta je balle ta ɓata. Amma ba zama ake yi a saurara ba, kowa da nasa rabon. Ni akuya ne, 'ya'yan Baffa biyu 'yan awaki, ƙanwata kura, da tsumma a ɗaure a ƙugu a madadin wutsiya. Kaka ta durƙusa a gabanta ta ce, "Ranki shi daɗe, Kura, awaki nawa kinka ci yau?" Kura ta yi gurnani ta ce, "Uku da safe, uku da marece. Shida. Ban ƙoshi ba." Inna na bakin murhu, muciya ta faɗi daga hannunta. Shekara takwas, ranar ce ta fara jin 'yarta ta amsa tambaya. A bakin kanta ba ta iya ba, amma in aka ara mata wani bakin, sai magana ta zubo.

Daga kura Kaka ta ƙara mata girma zuwa malami. Ta ciro tsohuwar rigar marigayi kakanmu da hularsa, ta ba ta gawayi da bangon rumbu a madadin allo, da busasshen karan dawa a madadin bulala. Mu muka zama ɗalibai. Tsarin shi ne, in ta tambaye ni in ba da amsar banza, ita kuma ta gyara. In ta kai mini duka sai karan ya karye, mu yi dariya, a ci gaba. A haka muka gano ta iya haɗa baƙi da wasali, har tana karanta abin da ke jikin buhun taki.

Kaka ta sami Baba ta roƙi abu ɗaya: ranar Alhamis, jajibirin tafiya, shi da Baffa su zauna bayan la'asar su gani. In yarinya ta yi karatu da lissafi a gabansu, a bar maganar Maiyama. Baba ba ya musu da uwarsa a fili. Ya ce to.

Ranar ta zo, aka shimfiɗa musu tabarma, aka sa wa malam riga da hula. Sai aka nemi kara aka rasa, Inna ta hura wuta da shi. Kaka ta ce in yi maza in samo wani. Ni kuwa, ɗan aji shida mai son a ce ya yi abin kirki, na ga ai gaban manya ba a fito da malami da karan dawa. Na haye dogon yaron ƙofar gida na yanko reshe mai kyau, na zage ganyen tsaf yadda aka horar da mu, na miƙa mata. Kaka na can tana gyara wa Baffa wurin zama, ba ta lura ba.

Farkon wasan ya yi kyau ƙwarai. Ta yi tari, ta rubuta a bangon rumbu, ta karanta. Ta bi sau biyu, ta bi sau uku. Na ga Baba ya daina jan carbi, bakinsa ya ɗan buɗe. Sannan ta nuna ni. "Kai, mai kunnen jaki. Biyu sau uku?"

Na miƙe na ce, "Bakwai, Malam."

Dukan farko a fuska ya same ni. Reshen bai karye ba, don haka wasan bai tsaya inda ya saba tsayawa ba, ya wuce zuwa inda malamin gaske ke kai shi. Tana duka tana ƙirgawa da muryarsa. Na huɗu ya tsaga mini fatar ido, jini ya rufe mini gani. Na dunƙule a ƙasa, tana bi na a wuya, a kunne, a gadon baya, har goma sha biyu cif, domin lissafinta ba ya kuskure. Kafin kowa ya motsa ta cafki hannun ƙaramin ɗan Baffa ta danne a bakin turmi, har yanzu da muryar malamin. "Ni za ki ciza? Ni?" Yaron ya ƙwala ihu. Baffa ya yi tsalle ya fizge ɗansa, ya hankaɗe ta ta bugu da rumbu.

Ta tashi, hula ta faɗi. Ta nufi turken akuya. Muryar da ta fito daga bakinta a wannan karon ba ta da tari. Ta shiga zabga wa turken reshe tana cewa, "Kin kunyata ni cikin gari. Gara in kashe ki in huta. Gara in kashe ki in huta." Tsakanin duka da duka sai ta yi ɗan gunjin nan nata ta hanci. Can kuma ta sirantar da murya, ta zama Inna daga cikin ɗaki: "Maigida, ya isa, don girman Allah ya isa." Ba ta bar ko kalma ɗaya ba. Ta yi har reshen ya tarwatse, sannan ta juya sau goma ta tsaya.

Baffa ne ya fara magana, yana rungume da ɗansa. "Kun ji ko? Maza biyu cikin bakin yarinya guda! Mi kuka jira kuma?"

Kaka tana danne mini ido da gefen zanenta, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Maza biyu dai, kuma duk kun san su. Guda na makaranta, guda ga shi zaune bisa tabarma. In aljannu na, to ni na haifi guda."

Baba ya daɗe yana kallon turken. Ya miƙe, ya sa takalmi ya fita, bai ci tuwo a gidan ba ranar. Juma'a ta zo ta wuce, ba a kira mota ba. Wata Juma'ar ma haka. Ba wanda ya sake ambaton Maiyama, ban kuma sake ganin hannun Baba a jikinta ba. Kaka ta hana ta komawa makaranta, ta ci gaba da karantar da ita a rumfa, yau kura, gobe mai tallan nono, jibi alƙali, har tsohuwar ta rasu. A gidanmu labarin ya zauna haka: wasa ya karya zuciyar Baba, wasa ya ceci yarinya.

Bara aka tura mu bita. Wata matashiya mai ilimi ta yi mana bayanin yaran da ƙwaƙwalwarsu ke bin tata hanyar daban, ta ce irin na ƙanwata yanzu galahanga ake ce masa, ba iska ba, kuma wasan kwaikwayo da rawa da ba da labari na buɗe musu hanyar karatu. Na rubuta duka a littafina da ladabi, kamar ban taɓa zama akuya ba. Gaskiya ta faɗa. A ajina akwai yara biyu da ba sa amsa mini, amma suna amsa wa duk wanda na sa su zama, kuma ba na barin komai mai lanƙwasa kusa da wurin wasan. Ƙanwata tana nan Gehuru. Ita ke karanta wa matan unguwa saƙon waya, kowane da muryar wanda ya aiko, har wasu ke roƙon ta rage kama.

Da na dawo daga bitar na je gaida Baffa, wanda yanzu ido ya tafi, na ba shi labari, na ce ashe abin da Kaka ta yi a rumfar albasa ilimi ne har da suna, ga shi shi ya hana a kai yarinya mari.

Ya ce, "Wane wasa? Wanshekare da sahe ubanka da kansa ya auna ƙahwarta da zare ya ba ni, ni kau na kai Maiyama. Mutumin ya gwada ƙarahunansa duka, ya ce ta yi ƙanƙanta, zamewa za ta yi. Ya ce a kawo ta in ta ƙara shekara biyu."

Kafin shekara biyun su cika mutumin ya rasu.