Mama da Murfin Kwamfuta

Shekarar da ƙanwata ta haihu a ƙasar waje, ina koyarwa a wata sakandare a Zuru, ina zaune da Mama a gidanmu na unguwar Rikoto. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce, aiki ne ya kai su can ita da mijinta. Haihuwar fari ce, kuma ba wata tsohuwa kusa da ita. Mama ta so zuwa, takardun tafiya ba su fito ba. Ranar da aka bugo waya aka ce an sauka lafiya, an sami mace, ta yi guɗa har maƙwabta suka shigo. Da suka watse sai ta zauna bakin ƙofa ta yi tagumi.

"Wa zai yi wa yarinyar nan wanka?" ta ce. "Uwar ma ba ta gama sanin nata ba."

Idon Mama ya fara rauni, ba ta ganin komai sosai a fuskar waya. Sai na ɗauko tsohuwar kwamfutata ta laftof da nake buga tambayoyin jarrabawa da ita, na haɗa ta da intanet ɗin wayata ta hanyar waifai, na ɗora ta kan benci a rumfa. Muka shirya da ƙanwata cewa kullum da safe, kafin in tafi makaranta, za ta kira mu lokacin wanka.

Safiyar farko komai ya tafi daidai. Jaririyar ta cika allon, ja wur da ita, tana ta wutsil-wutsil. Mama ta matso har hancinta ya kusa taɓa gilashi, tana ba da umarni: tallabi kan, taɓa ruwan da gwiwar hannu, kada ki jiƙa cibiya. Da zancen ya yi daɗi ta bar Hausa ta koma yarenmu na C'lela, suka manta ina wurin.

Ana cikin haka sai mijin ƙanwata ya leƙo ɗauke da tawul. Mama ba ɗankwali, zani ɗaya ne a ƙirjinta. Kafin in ankara ta danne murfin kwamfutar ƙwap, ta shige ɗaki. Ta fito da kallabi da mayafi kamar mai zuwa coci, ta buɗe murfin. Allon ya farka, amma kiran ya yanke, kuma 'yar alamar waifai da ke can ƙasa ta ɓace. Ba wai sabis ne ya yi rauni ba. Kwamfutar ce ta nuna kamar ba a taɓa sa mata abin kama waifai ba. Na kashe na kunna. Tsohuwa ce, tashinta sai an yi haƙuri. Kafin ta dawo an gama wanka, an shafa mai, yarinya ta yi barci.

Washegari ma haka, kashegarinta ma haka. Mijin ƙanwata mutumin kirki ne, ba ya barin matarsa da aiki ita kaɗai, don haka dole ya gilma. Yana gilmawa Mama za ta rufe, ko da kallabin na kanta, in tana shan koko ne ko tana dariya baki buɗe.

Na ce, "Mama, ki daina rufewa. In kin rufe barci take yi, in ta tashi kuma ba ta ganin hanya."

Ta ce, "In zauna suruki yana kallon bakina? Kai dai gyara abinka."

Na gwada abin da na sani. Na danna maɓallin da ke kunna waifai, na cire batir na mayar, na sa kwamfutar ta binciki kanta, ta ce ba ta ga matsala ba. Wata safiya da abin ya sake faruwa, Mama ta zauna gaban allon tana kallon hoton fuskarta a ciki. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, a hankali, "Yau ban ga ƙafarta ba." Da wannan maganar na yini a aji.

Da na taso makaranta sai ga kiran surukin nata a wayata. Ashe ya lura.

"Yaya," ya ce, "na san ni ne nake korar Mama. Na so in daina shigowa, amma ƙanwarka ba ta iya ɗaukar baho tukuna. Kwamfutar na kusa?"

Shi ma ba sana'arsa ba ce, ya ce tambaya ya yi a wurin aikinsu. Ya bi da ni a hankali har wurin da kwamfuta ke jera duk kayan da ke cikinta. Muka nemo na'urar waifai, muka shiga shafin da ya shafi wuta. Akwai wani ɗan akwati da aka yi wa alama, mai ba kwamfuta izinin kashe na'urar don a tanadi batir. Tana kashe ta in ta yi barci, ba ta kuma iya tayar da ita. Ya ce in cire alamar. Na cire. Ya sa na sauko da sabuwar manhajar na'urar, na kashe na kunna.

Na kira Mama na ce ta rufe da hannunta. Ta rufe, ta je ta juya miya, ta dawo ta buɗe. Alamar waifai tana nan. Ta sake rufewa, ta buɗe, tana hararar allon. Na gaya mata wanda ya gyara. Sai ta karɓi wayar, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka yi aurensu.

"Baban yarinya," ta ce, tana kallon ƙasa ko da yake ba ya ganinta, "sannu da ƙoƙari. Allah ya yi albarka."

Na ji yana amsa amin.

Bayan nan ba ta ƙara rasa wanka ba. Rufewa dai ba ta daina ba, sai dai yanzu tana buɗewa nake sake kira, a ci gaba daga inda aka tsaya. A haka cibiya ta faɗi wata safiya. Ƙanwata ta nuna mana ita a tafin hannu, ta ce su a bene suke, ba su da ko taki ɗaya na ƙasa da za su binne ta, ina za ta kai ta?

Mama ta ce ta naɗe ta a tsumma mai tsabta ta ajiye.

Sai da yarinyar ta fara tafiya suka zo gida, lokacin Kirsimeti. Ƙanwata ta ciro ɗan ƙullin cibiyar daga jakarta. Mama ta zaɓi wuri bayan ɗakinta, kusa da rumbun dawa, ta miƙa wa surukinta fartanya. Shi ya tona ramin. Yarinyar na tsugune gefe tana dumbuzar ƙasa za ta kai baki, Mama na kaɗe mata hannu.