Lambun Yakuwar Hajiya a Saman Bene

Ko zan manta komai na zamana a Madina, ranar da mutumin inshora ya hau saman benenmu tana nan daram a kaina.

Aure ne ya kawo ni daga Katsina. Maigidana haifaffen nan ne, kakanninsa ne suka zo aikin hajji a ƙasa suka yi zamansu. Muna hawa na sama a wani gida a Harra ta Yamma, wanda ya saya ta hannun banki, da ta'amin ɗinsa haɗe, wato inshora. Mahaifiyarsa, Hajiya, tana tare da mu. Ni a shekarar abu ɗaya ne a gabana: in je gida in ga Innata. Tun da na zo ban koma ba, kuma mun daɗe muna ajiye kuɗin jirgi.

Hajiya ce ta fara zancen lambu. Ta ce busasshiyar yakuwar da ake sayarwa ba ta da rai, ita ɗanya take so, irin wadda uwarta take shukawa a tsohon gidansu. Maigida kuwa in Hajiya ta yi tari, shi ne mai neman magani. Ya kalli bidiyo a waya, ya sayo bulo da siminti, ya riƙa hawa sutuhu, wato saman bene, duk Juma'a bayan la'asar. Ya ja ƙaramar katanga a kusurwa, ya cika ta da ƙasa da taki.

Da na hau kai masa shayi, na ga inda ya ɗora ginin.

"Abban yara, ai kan bakin indararo ka gina."

"Ke, nan Madina ce, ba Katsina ba. Ruwan nawa ake yi?"

"Baladiyya fa, hukumar gari? Ka nemi izini?"

"Izinin shuka yakuwa a saman gidana?"

Na ajiye shayin na sauko. Ba na maimaita magana, wanda ya ji ya ji.

Yakuwa ta yi kyau, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Har kuɓewa Hajiya ta ƙara. Maƙwabta suna aiko yara, tana tsinka musu tana yi musu wa'azin miya.

Sai ga ruwa a lokacin sanyi, irin wanda mutanen garin nan suke fitowa titi suna ɗauka a waya. Ya wuni yana zuba. Ruwan sutuhu ya nemi hanya ya rasa, ya taru kamar tafki, ya bi ta ƙasan lambun. Da magariba silin ɗakinmu ya yi ciki, kafin mu gama janye katifa ya rufto. Wutar ɓangaren ta ɗauke, bangon falo ya kumbura. Muka koma kwana a majalisin baƙi, mu da yara.

Wanda ya zo duba gyaran ya faɗi abin da zai ci. Ban yi wani lissafi ba, na san in ta'amin bai biya ba, kuɗin jirgina ne zai koma silin.

Ranar da mai binciken kamfanin zai zo, maigida yana da aiki a Bi'ir Ali. Ya ja ni gefe a bakin ƙofa.

"In ya tambaya, ki ce haka muka sayi gidan, da lambunsa."

Na ce to. Ban ji komai a raina ba, Innata nake hange. Abin da bai faɗo mana ba shi ne mu gaya wa Hajiya.

Mutumin ya zo, matashi ne mai ladabi. Ya ɗauki hoton ɗakin, ya ce a nuna masa sama. Muka tarar da Hajiya a can tana gyara abin da ruwa ya kwantar. Ya zagaya katangar, ya tsuguna ya leƙa inda indararo ya kamata ya kasance. Sannan ya ɗago ya tambaye ni, wa ya yi wannan ginin, kuma akwai rukhsa, wato izini, daga baladiyya?

Ina harhaɗa Larabcina ke nan, Hajiya ta miƙe, ta amsa masa da Larabci.

"Ya waladi, ɗana ne ya gina. Da hannunsa, ko lebura bai ɗauka ba. Taɓa ka ji ƙarfin simintin."

Na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Hajiya, ki bari mana."

"In bari me? Yaro ya yi wa uwarsa aiki, in ɓoye?"

Mutumin ya ce masha Allah, Allah ya yi masa albarka, yana faɗa yana danna waya. Ta tsinko masa dami guda na yakuwa, ta koya masa yadda matarsa za ta dafa. Ya karɓa da hannu biyu.

Saƙonsu ya iso a makon: ɓarnar ta fito ne daga gini marar izini da ya toshe magudanar ruwa, ba ta cikin abin da suke biya. Mai gyara kuma ya ce ba zai taɓa silin ba sai an cire lambun. Maigida ya hau da guduma wata Juma'a ya rushe shi. Bai ce wa Hajiya komai ba, ni ma ban ce masa ai na faɗa ba, ya gani a fuskata.

Ban je Katsina a shekarar ba. Na kira Inna na gaya mata dalili tiryan-tiryan. Ta ce, "To, ita dai tsohuwar ta tsare muku lahirarku."

Abin da na koya ba shi da yawa. A garin da gida yake da takarda, samansa ma takarda ce da shi, ka tambaya kafin ka jiƙa siminti. Kuma in aiki sai an ɓoye wanda ya yi shi kafin ya tsaya, to tun farko bai kamata a yi shi ba.