Bikon Golanmu a Fakku

Talata: Tambuwal zuwa Kebbe

Ladan bai gama kiran assalatu ba na fito da kekena, na ɗaure famfo da ƙullin guzuri a kariya, na nufi ƙofar gidan Buhari tela. Na same shi tsaye da nasa keken, ya rungume wani ƙunshi a ƙirji kamar mai jego. Baƙar rigar Ummaru ce a ciki, golan kulob ɗinmu, kuma saboda ita da mai ita muka yi wannan tafiya da 'yan ƙungiya suka ce in rubuta musu labarinta.

Ga wanda bai san mu ba, mu ne ƙungiyar magoya bayan kulob ɗin ƙwallon da samarin garinmu suka kafa shekarar da aka sami mulkin kai. Ba mai biyanmu ko anini. Mu ke share fili mu tsince ƙaya, mu ja layi da toka, mu ɗebo ruwa a tuluna, mu wanke riguna. Ni aka ba shugabanci, ba don na fi kowa hankali ba, sai don gyaran keke ne sana'ata, ni ke da famfon hura ƙwallo. Mutanen gari kuwa 'Yan Inuwa suke ce mana, saboda ranar wasa a gindin tsamiyar da ke gefen fili, daidai tsakiya, muke shimfiɗa tabarmi, ba ma motsawa sai an tashi.

Ummaru mutumin Fakku ne, dako ya kawo shi Tambuwal, wurin awon gyaɗa. Dogo ne, marar magana, ga hannuwa kamar faifai. Wata ranar kasuwa mahaifinsa ya zo gari, da yamma muka yi wasa da Dogon Daji, washegari aka nemi Ummaru aka rasa. Sai rigarsa Buhari ya tarar a kan keken ɗinki, an wanke ta an ninke. Babu sallama, babu saƙo. Wanda muka sa a madadinsa, Allah ya saka masa da alheri, ƙwallo na wucewa ta tsakanin ƙafafunsa yana binta da kallo. Ga wasa da Kebbe ranar Alhamis. Amma gaskiyar magana, ba wasan ne ya fi damunmu ba. So muke mu san laifin da muka yi wa yaron nan, don tun ranar Buhari bai ƙara cin abincin kirki ba.

Bayan mun yi asuba muka shiga motar 'yan kasuwa mai zuwa Kebbe, aka ɗora kekunanmu a kan buhunan gishiri. Direban mai yawan dariya ne, ya tambaye mu ina za mu da kekuna. Buhari ya ce biko za mu. Direban ya ce matar wa ta yi yaji a cikinmu? Da ya ji gola ne, sai da ya kifa kai a sitiyari, ya ce ya ɗauki masu biko iri-iri a motar nan amma bai taɓa ɗaukar irinmu ba.

Da hantsi 'yan doka suka tsayar da mu a wata mararraba. Ɗaya daga ciki ya ce Buhari ya kwance ƙunshi. Yana ganin rigar ya gane ta, ashe ɗan Kebbe ne, ya taɓa kallon Ummaru a fili. Ya mayar mana da ita da hannu biyu, ya ce Allah ya sa mu dawo da shi, amma don Allah kada mu yi sauri, mu bari Alhamis ta wuce. Gaba kaɗan mota ta kafe a yashin wani rafi, kowa ya sauka muka yi ta turi har rigata ta jiƙe sharkaf. Ana kiran azahar muka shiga Kebbe.

Wani abokin sana'ar Buhari ne ya sauke mu a zaurensa. Tuwon dawa aka kawo da miyar kuka da kifin gulbi, na ci har na ji kunyar mai gida. Da la'asar muka leƙa filinsu. Ba laifi, sun share shi, akwai wata babbar ɗorawa a gefe, har na ce wa Buhari ga mazauninmu nan ranar wasa.

Laraba: Kebbe zuwa Fakku

Gari na wayewa muka gangara bakin gulbi. Mai fito ya kwantar da kekunan a tsakiyar jirgi, ya ce kowa ya zauna inda aka ajiye shi. A nan na san Buhari na tsoron ruwa. Ya ɗora ƙunshin rigar a ka, ya rufe ido, ya yi ta salati har muka taka ƙasa, sannan ya buɗe ido ya ce ai gulbin ma ba shi da wani girma.

Daga nan hanyar ƙafa ce, tana ratsa gonakin dawa da daji. Ƙaya ta sace mini iskar tayar baya, na zauna na yi faci Buhari na yi mini dariyar ramuwa. Mun ɓata hanya sau ɗaya, wasu Fulani masu kiwo suka ba mu nono muka sha, dattijonsu ya raka mu har inda hanyar ta rabu, ya nuna mana da sanda. Rana ta kusa tsakiya muka hango rumbunan Fakku.

Ba mu sha wuyar neman gidan ba. Tun daga nesa muka ga wani dogo a saman rumbu, ana cilla masa damman gero daga ƙasa yana cafewa yana jerawa, ko ɗaya bai kuɓuce masa ba. Buhari ya tsaya ya riƙe keke yana kallo, na ga idonsa ya kawo ruwa. Da Ummaru ya gan mu sai ya sauko, ya durƙusa ya gaishe mu, kansa a ƙasa. Na tambaye shi a hankali me ya faru. Ya ce Baba ne ya ce ya tattara su tafi, bai tambaye shi kome ba, shi kuwa ba ya iya gardama da shi.

Baba Nomau, mahaifin nasa, gajeren tsoho ne mai farin gemu, ban san inda Ummaru ya samo tsawo ba. Ya karɓe mu kamar ya san da zuwanmu. Aka shimfiɗa tabarma, aka dama fura, aka yi ta gaisuwa, ya tambayi gida da iyali da kaka da hanya. Bai bari mun ɗauko maganar ba sai da muka yi la'asar. Sannan Buhari ya kwance ƙunshi ya ajiye rigar a tsakiyar tabarma. Tsohon ya dube ta, fuskarsa ta canza.

Ya juyo wurina ya ce, “Malam Sani, ni da idona nig gani, ba hwaɗa min anka yi ba. Ɗiyan gari dut kun sa musu kore, suna gudu tare awa 'yan uwa. Nawa kun sa mai baƙa, kun kai shi can ƙarshen hili kun aje shi shi ɗai cikin rana, kowa yat taho shi jehe shi da abin ga. Da yaw wuce shi sau guda, gari dut yad ɗau ihu. Mi yay yi muku? Ko don shina baƙauye?”

Wallahi sai da na ji abin har cikin ƙashina. Duk hanya ina ta lissafin ko wani ne ya zage shi, ko aikin dako ne ya ƙare, ko aure za a yi masa. Wannan kam bai taɓa zuwa mini a rai ba. Na gyara zama na shiga bayani. Na ce a duk fili gola kaɗai aka yarda ya taɓa ƙwallo da hannu, shi ya sa dole rigarsa ta bambanta don alƙalin wasa ya gane shi. Na ce ba a ba kowa wurin nan sai wanda aka fi amincewa da shi, kamar mai tsaron gona ne lokacin da dawa ta nuna. Na yi magana mai yawa, tsoho na ta gyaɗa kai irin na wanda bai yarda ba.

Buhari ya matsa kusa da tsohon. Sai ya jawo rigar ya juya hannunta ciki waje, ya miƙa masa. A daidai gwiwar hannu akwai auduga da ya shimfiɗa ya bi ta da ɗinki ƙanana-ƙanana, haka ma kafaɗu, don kada ƙasa ta goge wa Ummaru fata in ya yi tsalle ya faɗi. Ni kaina da nake wanke rigar ban taɓa lura ba. Baba Nomau ya daɗe yana shafa wurin da babban yatsa.

Ya ce, “Wanga ɗunki na ƙauna na, na yarda. Amma mai tsaron gona da kac ce, mu nan muna kai mai hura, muna kiran sunanai daga nesa don shi san da mutane kusa. Ku ina kuka tsayawa in ana wasan?”

Buhari ya ce, “Gindin tsamiya, Baba.”

Tsohon ya tashi ya tafi alwalar magariba. Mu ma muka bi bayansa. A zaurensa muka kwana, an yi mana tuwon gero da miyar yakuwa, amma ranar ban yi cin da na yi a Kebbe ba.

Alhamis: Fakku zuwa Kebbe

Mun idar da asuba muna shirin sallama hannu rabbana, sai muka ga Baba Nomau ya fito da jakinsa, ya sa malafa, Ummaru na biye da shi rigar a hammata. Ya ce, “In tsayin nan dole na, ni ka tsaya mai. Mu tahi.”

Tafiyar jaki muka yi, muna tura kekuna a gefensa. Ya yi ta ba mu labarin Ummaru yana ƙarami, yadda uwarsa ta rasu ta bar shi yana rarrafe, yadda yake ɗaukarsa a wuya zuwa gona don kada ya bar shi shi kaɗai a gida. A bakin gulbi ya bar jakin wurin wani aboki, ya shiga jirgi ya zauna kusa da Buhari yana ba shi haƙuri har muka ƙetare.

Mun tarar motar Tambuwal ta iso da 'yan wasa da 'yan ƙungiya, har da Jatau mai kalangu. Da suka ga Ummaru sai suka yanyame shi, wannan ya ja hannu wannan ya ja riga. Kafin la'asar kuwa 'Yan Inuwa sun riga sun shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, sun ware wa tsoho wuri mai kyau.

Bai ko dubi wurin ba. Ana shirin take wasa ya ɗauki sandarsa ya ratsa ta tsakiyar fili, alƙali na busa masa usur bai san da shi ake ba, ya je bayan sandunan gola inda Ummaru yake ya tsaya cikin rana. Buhari ya bi shi. Na ɗauki famfona na bi Buhari. Can sai ga Jatau da kalangu, sai ga wani, sai ga wani. Na ƙarshe shi ne Garba mahauci, wanda tun da aka kafa ƙungiya rana ba ta taɓa ganin ƙeyarsa ba, ya taho da tulun ruwa a kafaɗa yana haki yana cewa shi ruwa ya kawo mana, ba tsayawa zai yi ba. Har aka tashi yana nan.

Ban taɓa sanin haka wurin yake ba. Daga nan ana jin ƙarar ƙwallo in ta daki hannu, ana jin numfashin gola, ana ganin yadda mutum biyar ke taho masa a guje. Duk wadda Ummaru ya tare, tsoho sai ya ce, “Madalla, ɗana,” kamar yana karɓar dami. Da aka juya bayan hutu ya tambaya me ya sa za a kore mu daga wurinmu, na ce haka dokar take, muka kwashi tulu da kalangu muka bi Ummaru ɗaya gefen, 'yan Kebbe na mana dariya.

Gab da tashi suka ci mu. Ƙwallo ta wuce ta ƙasan hannunsa, da yake babu raga sai ta gangaro har gaban Baba Nomau. Kebbe ta ɗauki sowa. Tsoho ya sunkuya ya ɗauke ta, ya goge mata ƙasa da hannun rigarsa, ya taka ya miƙa wa ɗansa. Ya ce, “Ungo. Waɗanda kat tare sun hi yawa.” Ni dai a nan hawaye ya zubo mini, ban kuwa ɓoye ba, don na ga Garba ma yana share nasa da hula.

Haka aka tashi, sun ci mu ɗaya. Ɗan dokan nan na mararraba ya zo ya gaishe da tsoho, ya ce da ba don ɗansa ba da kwando za su cika mana.

Juma'a: Kebbe zuwa gida

Da safe muka raka Baba Nomau bakin gulbi. Ya ce Ummaru ya bi mu, in an gama shigar da dawa ya zo ya gan shi. Har ya sa ƙafa a jirgi sai ya juyo ya tambayi Buhari ko akwai sauran ƙyallen baƙar rigar nan. Buhari ya ce ba za a rasa ba. Ya ce, “To a ɗunka min hula da shi, mu zan mu biyu.”

Motar ba ta kafe ba a dawowa, mun shigo Tambuwal ana ta haramar masallaci. Mun gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Mun gode wa mai masaukinmu na Kebbe, da mai fito, da dattijon da ya nuna mana hanya, da mutanen Fakku. 'Yan ƙungiya kuma ku sani, ranar wasanmu da Sanyinna ba za a shimfiɗa tabarma a gindin tsamiya ba, kowa ya nemo malafarsa.

Buhari ko gida bai shiga ba, daga masallaci shago ya wuce ya yi ta birkita buhun ƙyallaye har ya samo. Hular tana nan rataye a jikin keken ɗinkinsa, tana jiran ranar kasuwa. Na ɗauka na juya cikinta, na ga ya shimfiɗa mata auduga a tsakiyar kai, saboda rana.