Ranar da Na Ƙi Sayar da Lu'ulu'u da Sunan Ajiya

Har yau ban manta da Asabar ɗin da Hajiya Rabi ta shigo shagonmu na kayan ado da ke Wendover, nan ƙasar Turawa, ba. A lokacin shekarata shida ke nan a bayan kantar shagon.

Ku sababbin zuwa ba ku ga zamanin ba. A da, manyan kamfanonin haƙar lu'ulu'u bakinsu ɗaya: su tsaida yawan da zai fito kasuwa, su yanke farashi, dillalin da ya yi gardama a soke sunansa. Sai ga na masana'anta ya ɓullo, ido ba ya bambance shi da na ƙasa da ake haƙowa sai na'ura, ga araha. Hankalin manya ya tashi. Dillalinmu ya turo wakili da sharaɗi: a riƙa ce wa masu saye na ƙasa ajiya ne, darajarsa ba ta faɗuwa. Manajarmu ta ce wanda ya saɓa ya ajiye makulli.

Hajiya 'yarta za ta aurar. Kun san matanmu, sarƙa ado ce kuma ajiyar ranar matsuwa ce. Ta nuna wani ɗankunne na lu'ulu'un ƙasa.

"Malam Sani, tsakaninka da Allah, in yarinyar ta matsu, zai sayu kamar gwal?"

Wakilin na tsaye, manaja na gefensa, ba mai jin Hausa a cikinsu. Da na so, sai in raɗa mata gaskiya in wuce abina. Amma na gaji da ɓoye-ɓoye.

"Ba zai sayu haka ba, Hajiya. In ado ne, ɗauki na masana'anta. In ajiya ce, gwal."

Na juya na maimaita musu da Turanci, kalma bayan kalma. Wakilin ya haɗe rai. Manaja ta ja ni ofis.

"Ka san abin da ka yi?"

"Na sani. Sahu ɗaya nake salla da mijinta. In na yaudare ta, Bahaushe ba zai sake tako ƙofar nan ba."

Aka dakatar da ni mako guda. Wallahi na tsorata, ga iyali.

Da na dawo, ba a soke sunanmu ba. Wakilin nan da ke mana tsawa shi ya dawo yana lallashin manaja ta ƙara ɗaukar kaya. Hajiya kuwa ta kawo ƙawayenta huɗu, kowacce ni take nema.

Ranar na gane cewa ƙarfin manyan nan dama a bakin irina yake, mu da ke bayan kanta. Tun daga nan ban sake ara musu bakina ba.