Likkafanin Kaka da Akokon Osaka

Har yau in na ji warin sabon yadin akoko raina ɓaci yake yi. Bari ku ji dalili.

A Gashuwa na tashi, gidan kakana masaƙi. Da hantsi yana gindin tsamiya, ƙoshiya tana kai da kawowa a hannunsa, matarsa Inna kuwa tana ɗaki tana kaɗa masa zare. Da farin da yake saƙawa aka ciyar da mu duka.

Sai jirgin ƙasa ya iso Nguru. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, yana kai bandar kifi can. Wata shekara da kaka ya dawo da bandir na akoko, santsi kamar ganyen ayaba, araha kamar ƙasa. Ya zauna yana zuba labarin da ya jiyo a kanti: wai daga wani birni ne na Jafan, Osaka, inda ruwa yake ratsa tsakanin gidaje, gada a kan gada, bututun hayaƙi sun fi giginya yawa, 'yan mata suna tsaye injin na yi musu saƙa.

Kaka ya murza yadin tsakanin yatsunsa, ya ce, "Garin da sunansa ma saƙa ne, wa zai ja da shi?"

Aka yi dariya. Shi bai yi ba.

Kafin damina biyu masu saye sun ɗauke ƙafa. Kaka ya saƙa fari na ƙarshe, ya naɗe, ya tara gida ya ce, "Likkafanina ke nan. A cikinsa nake so a sa ni."

Ranar da ya cika, Kawu ya ɗaga farin ya yatsina fuska. Wai kaushi gare shi, mutane za su ce mun rasa abin yi wa tsoho sutura. Inna ta ce daga bayan zana, "Wasiyya ce fa." Ya ce, "Inna, wannan ba maganar mata ba ce." Ina raɓe jikin rumbu aka fito da Kaka cikin akoko. Farin kuwa, da idona na gan shi an ɗaure kifi da shi za a kai Nguru. Itacen masaƙar a murhun banda ya ƙare.

Bara jikana ya dawo daga karatu a can Osaka, ya zo yana nuna mini hotuna. Ga benaye har gajimare, ga tsohuwar fadar sarkinsu da ganuwarta ta dutse, ba su rushe ba. Sai ga wata tsohuwa zaune gaban masaƙar hannu, mutane sun cire takalma suna rusuna mata.

Na ce, "Su da suka kashe mana tamu, ashe tasu suka adana?"

Ya ce, "Ai Hajiya, su suna girmama na da."

To, ni ban ga laifin mutanen Osaka ba. Sun saƙa, sun sayar. Ba su ne suka hura wutar banda ba.