Kwalaben da Malam Habu Ya Bari a Gareji

Ina cikin jirgin ƙasa zan tafi ofis ranar Talata da safe, sai ga kiran Hajiya Bilki. Ba ta taɓa kirana ba, maigidanta ne ke kirana. Ta ce, "Nasiru, Malam ya rasu. Bayan sallar asuba." Na sauka a tashar da ba tawa ba, na zauna a benci ina ta salati, har jirgi biyu suka wuce ni.

Malam Habu injiniya ne, ɗan Zariya, shi ya ɗauke ni aiki kuma shi ya koya mini shi. Aikinmu rijiyoyin ruwan zafi: a jawo ruwa daga dutsen yashi can ƙarƙashin ƙasa, a ɗumama gidaje da zafinsa, sannan a mayar da shi ƙasa ta rijiya ta biyu. Wannan ta biyun ce ciwon kanmu. A hankali take rage shan ruwan, don ƙananan ƙofofin dutsen na toshewa.

Malam bai yarda da takarda kaɗai ba. Duk rijiyar da ya je sai ya dawo da kwalbar ruwanta da tsohuwar filta, wato matatar ruwan, ya yanka ta da wuƙa, ya murza lakar a yatsa, har ya shinshina. Garejin gidansa a garin Wheaton, nan ƙasar waje inda muke zaune, ya cika da kwalabe, motar Hajiya kuwa na kwana cikin ƙanƙara. Yakan tsokane ni ya ce, "Ɗan kwamfuta, ka tambayi laka tukuna." Yakan kuma ce rijiya ba ta ƙin ruwa don taurin kai, wani abu muka zuba mata.

Abin da ke cin raina ya faru watan jiya. Muna taro da masu wata rijiya da ke ɗumama wani gari mai tsananin sanyi, don ta fara ƙin shan ruwa. Malam ya ce a dakata, iska na shiga bututu tana haifar da tsatsa, ita ke toshe dutsen. Ni kuwa, a gaban kowa, na ce a ƙara ƙarfin famfo kawai, na ce hanyar Malam ta tsufa. Suka ɗauki tawa. Da muka fito sai kawai ya tambaye ni jikin 'yata mai zazzaɓi. Sati uku ina kewaye ƙofar ofishinsa don kunya, ina cewa gobe zan shiga.

Wajen jana'iza liman ya roƙi jama'a su yafe masa. Kowa ya amsa. Ni ke neman yafiya, kuma wanda zan roƙa yana kwance a gabana cikin likkafani.

Ranar uku Hajiya ta kai ni garejin da kanta. A kan tebur akwai filtar rijiyar nan, ya tsaga ta biyu, cikinta ja wur da tsatsa. Ya liƙa mata takarda da rubutunsa: "Nasiru, duba wannan kafin su ƙara ƙarfin famfo. Ba faɗa nake ba." Ranar Litinin masu rijiyar za su ƙara. In dutsen ya toshe gaba ɗaya, mutanen garin za su shiga hunturu babu ɗumi, kuma bakina ne sanadi. Na rubuta musu cewa na yi kuskure, na aika hoton filtar. Har yanzu shiru, kuma ina tsoro.

Allah ka jiƙan Malam Habu, ka haskaka kabarinsa, ka sa haƙurinsa da mu ya bi shi. Allah ka ba Hajiya Bilki da yaran juriyar wannan rashi, ka tsaya musu a ƙasar da ba dangi kusa. Wanda duk ya karanta wannan, ya taya ni roƙon Allah ya sa Malam ya yafe mini kafin ya tafi.